Karatun Halitta a Bayan Ganuwa

Duk wanda ya bi zaurukan malaman Kano yana tambayar fannonin da ake karantarwa, za a lissafa masa tauhidi da fiƙihu da nahawu da lugga da tafsiri da hadisi da hisabi, har a gangaro kan madahu da wa'azi, amma ba zai ji an ambaci wani fanni mai zaman kansa da aka keɓe wa waƙoƙin tsarkake Ubangiji a kan bambancin halittunsa ba. Alhali kuwa ɗalibin da ya yi shekarunsa a gaban buzun malami, ya sauke littattafan da aka saba saukewa, ba ya tashi sai da kai cike da baitocin da suka siffanta hadari da raƙumi da barewa da taurari, waɗanda suka shigo masa ta ƙofofi dabam-dabam ba tare da kowa ya tara masa su wuri ɗaya ba. Tarihin wannan karatu a Kano tarihin waɗannan ƙofofi ne, kuma a ganina babu inda ya fi dacewa mutum ya tsaya ya dube su kamar bayan ganuwa, watau Fagge da Sabon Gari, inda abin da littafi yake faɗa game da saɓanin launuka da harsuna yake tafiya da ƙafafunsa a kan hanya.

Ana danganta kafuwar Fagge da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ne kuwa sarkin da Shehu Magili ya sauka a wurinsa ya rubuta masa nasiha a kan sha'anin mulki. Abin da aka san wurin da shi tun da daɗewa shi ne zango: a da, a nan ayarin Abzinawa yake sauke kaya idan ya iso da kantun gishirin Balma da dabino, a nan raƙuma suke durƙushe har a gama ciniki a ɗora musu hatsi da baƙaƙen rawuna da turkuɗi su juya arewa. Baturen nan matafiyi, Barth, da ayarin gishiri ya ratso Abzin ya shigo ƙasar Hausa, ya iso Kano a 1851, ya kuma ƙiyasta cewa mutanen birnin, waɗanda suke wajen 30,000, sukan ninka a watannin ciniki saboda baƙi. Ta wannan hanya ta hamada ce kuma takarda take zuwa, irin wadda ake yi a ƙasar Italiya mai hatimin jinjirin wata uku a jikinta, wadda sai an ɗaga ta ga haske ake ganin alamar. A kanta aka kwafi galibin littattafan da za mu ambata, aka ɗaure su da tadarishi aka zura a gafaka.

Ƙofar farko, kuma mafi girma, ita ce tauhidi. Ɗalibi yakan fara da Ummul Barahini ta Shehu Sanusi, mutumin Tilimsan da ya rasu a 1490, sa'an nan ya hau kan waƙaƙƙun littattafai irin su Jauharatut Tauhidi ta Laƙƙani da Ila'atud Dujunna ta Maƙƙari, waɗanda ake haddacewa da rauji. Hujjar da duk suke ginawa guda ce: duniya tana sauyawa, abin da yake sauyawa fararre ne, fararre kuwa ba makawa yana da wanda ya farar da shi, Shi kuma ba Ya sauyawa. Amma inda maganar ta fi shafar batunmu shi ne babin irada, domin a nan ne malaman Ash'ariyya suka yi wa bambancin halitta matsayi na dalili. Suka ce kowane abu mai yiwuwa yana tsaye ne tsakanin kishiyoyi shida: samuwa ko rashi, wannan siffa ko waccan, wannan zamani ko wancan, wannan wuri ko wancan, wannan jiha ko waccan, wannan miƙidari ko wancan, to, idan ka ga saniya ta zo ja alhali tana iya zuwa fara, ka ga zabuwa ta zo da ɗigo-ɗigo alhali kaza 'yar'uwarta ta zo babu, lalle akwai Mai nufi da Ya keɓance kowace da abin da ta samu. Da ɗabi'a ce take aiki da kanta, in ji su, da ruwa ɗaya da ƙasa ɗaya ba su haifar da rake a nan, maɗaci a can ba. Malamin Kano ba ya buƙatar ya yi nisa wajen neman misali, tun da ga gawo nan a gonakin bayan gari, itacen da yake kakkaɓe ganyensa da damina sa'ad da kowane tsiro yake yin kore, ya kuma yi lif da rani sa'ad da saura suka bushe.

Tushen wannan duka yana cikin Alƙur'ani, kuma kowace shekara a tafsirin azumi, inda ake jan baƙi ana fassarawa da Jalalaini, jama'a sukan sake jin sa: Suratur Ra'adi ta yi maganar gonaki maƙwabtan juna da ake shayarwa da ruwa guda amma ɗanɗanon amfaninsu ya saɓa, Suratu Faɗir ta jero launukan 'ya'yan itace da na duwatsu da na mutane da dabbobi ta ƙulla su da tsoron Allah irin na malamai, Suratun Nahli ta kawo ƙudan zuma, Suratur Rumi kuwa ta sanya saɓanin harsuna da launukan fata cikin ayoyin Ubangiji. Saboda haka ɗalibin da ya fito daga wannan karatu ya riga ya san cewa duban halitta da idon basira, abin da ake kira tafakkuri, ibada ne. Abin da ya rage masa shi ne kalmomin da zai yi duban da su.

Kalmomin kuwa ta ƙofar lugga suka shigo, kuma a nan akwai abin mamaki, domin waɗanda suka koya wa malamanmu siffanta halitta yawancinsu ba su riski Musulunci ba. Littafin da ake kira Shu'ara ya tattara waƙoƙin mawaƙan Jahiliyya shida: Imru'ul Ƙaisi, da Nabiga, da Alƙama, da Zuhairu, da Ɗarafa, da Antara, ana haɗa shi da Muƙamomin Hariri, da Maƙasurar Ibnu Duraidu, da Daliyar Yusi, malamin Maroko da ya rasu a 1691. Ba don nishaɗi ake karanta su ba, sai don wanda bai san Larabcin ƙauyawan hamada ba ba zai gane baƙin kalmomin Alƙur'ani da hadisi ba. Yadda ake karatun kuwa sananne ne ga duk wanda ya taɓa zama a zaure da hantsi. Ɗalibi ya gurfana ya buɗe warƙarsa, ya ja baiti guda. Malam, wanda galibi ba ya ko duban takarda, ya tsinka baitin kalma-kalma, kowace ya ajiye mata Hausarta, ɗalibi yana amsawa da na'am yana sa alƙalami tsakanin layuka yana rataya ma'anar da ƙananan baƙaƙe, har shafin ya cika ya koma gefe. A haka ake bin taguwar Ɗarafa, wadda ya kashe wajen baiti talatin yana siffantawa tun daga ƙoƙon kai har zuwa kofato, a haka kuma ake bin hadarin da Imru'ul Ƙaisi ya rufe babbar waƙarsa da shi, wanda ya tumɓuke itatuwa ya bar namun daji a kwance cikin laka, tsuntsaye kuma suka wayi gari suna kuka kamar sun sha abin maye. Idan an zo kan wata gaɓa ta jikin raƙumi wadda ɗalibi bai gane ba, ya ce, "Allah gafarta Malam, ina ne wannan?", ɗan birni sai dai ya haƙura da bayanin baki, amma ɗan Fagge a da ana iya ce masa, "Ɗana, tashi ka leƙa zango ka tambayi Buzu," ya je ya ga abin da idonsa, ya dawo ya tarar ba a rufe littafi ba. Malam kuma yakan rufe baitin da subhanallahi, da wannan kalma guda waƙar mutumin Jahiliyya ta koma tasbihi a bakin Bakano.

To, sai dai a nan tambaya take tasowa: mutanen da suka sami hujja irin wannan da kalmomi irin waɗannan, me ya sa da suka juyo suna waƙa da Hausa ba su cika tsayawa a kan halitta ba? Ni dai ina ɗora alhakin a kan wa'azi. Waƙoƙin wa'azi na ƙarni na 19, tun daga na mutanen jihadi har zuwa irin su Gangar Wa'azu da Baƙin Mari, aikinsu shi ne su fitar wa mutum da son duniya daga zuciya, saboda haka suka siffanta ta da tsohuwa mai kwalliyar yaudara ko goɗiya mai harbi, kuma duk wata korama da inuwa da 'ya'yan itace da za ka tarar a cikinsu an ɗage su zuwa Aljanna. Malamai sun san bambanci tsakanin duniya, wadda take ruɗi, da halitta, wadda take aya. Amma mai waƙar da yake son ya tsorata mai sauraro ba shi da lokacin tsayawa yana yaba furen ƙasa. Madahu ya ɗan buɗe taga: a Ishiriniyar Alfazazi, wadda Ɗan Masanin Katsina ya yi wa sharhi tun ƙarni na 17 kuma har yanzu ake rera ta a watan Mauludi, da Burdar Busiri, halittu suna shigowa a matsayin shaidun annabci, kamar itatuwan da suka amsa kira da gizo-gizo da kurciyoyin bakin kogo. Amma shigowa ce ta ɗan lokaci, su ba da shaida su fita.

Inda halitta ta sami wurin zama sosai a waƙar Hausa ta da shi ne hisabi, domin shi manomi yana buƙatarsa. Malaman hisabi sun karɓi lissafin Larabawa na manzilolin wata 28, kowace tana ɗaukar kwana 13 ban da Jabha mai 14, jimla 365, suka raba su bakwai-bakwai ga bazara da damina da kaka da ɗari, suka kuma waƙe su da ajami don a haddace. Taurarin damina su ne Haƙa'a, Hana'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha da Harsan, kuma tsofaffin manoma sukan tambayi malam wane tauraro ake ciki kafin su yi shuka ko su yanke ƙauna da ruwa. Gefe guda kuma ga sunayen da Bahaushe ya raɗa da kansa, irin su Kaza da 'Ya'yanta ga Surayya, da Zara matar wata, da Gamzaki. Mervyn Hiskett ya yi nazarin waɗannan waƙoƙi na taurari ya buga a 1967. Waƙoƙi ne na lissafi, ba kasafai suke da zaƙin siffantawa ba, amma sukan buɗe da yabon Wanda Ya jera taurarin, kuma su ne suka riƙe idon ɗalibi a kan sararin samaniyar garinsu, ba ta Najadu ba.

Haka al'amarin yake har Turawa suka ci Kano a Fabrairun 1903. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, a 1913 kuma aka yanka filin Sabon Gari don akawuna da leburori da 'yan kasuwar da suka biyo dogo daga kudu da ƙasashen gaɓar teku. Kwarori suka kafa kantunansu a gefen Fagge, wurin da ya zama Kantin Kwari. Jirgi ya karya ayari, zangon raƙuma ya yi ta ƙanƙancewa yana zama unguwar fatake da dillalai da malamai baƙi. Sunayen titunan Sabon Gari kaɗai, irin su Abeokuta da Warri da Enugu, sun isa su nuna daga ina mutanen suka fito. Cikin shekaru kaɗan sai ga ɗan Fagge yana jin harsuna a rana guda fiye da waɗanda kakansa ya ji a rayuwarsa, yana ganin goro da manja da doya da busasshen kifi da atamfa mai launi goma a jere a kasuwa ɗaya.

Baƙin nan kuwa sun zo da nasu waƙoƙin tasbihin. A majami'un Sabon Gari ana rera Zabura da Yarabanci da Ibo da Turanci, daga 1932 kuma, shekarar da aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, Kiristocin arewa suka same ta da harshen da suke ji. Zabura ta 104 ta bi halitta daki-daki, daga maɓuɓɓugan ruwa da jakunan jeji da tsuntsaye masu sheƙa a itatuwa har zuwa zakokin da suke neman abincinsu wurin Allah da dare, ta 148 kuma ta kira rana da wata da ƙanƙara da duwatsu da masu rarrafe su yi yabo. Cikin mawaƙan Ingila wanda ya fi matsowa kusa da babin irada na malamanmu shi ne wani limamin Katolika, Gerard Manley Hopkins, wanda a 1877 ya yi wata gajeriyar waƙa yana gode wa Allah saboda abubuwa masu dabbare-dabbare, shanu da kifi da fikafikan tsuntsaye da gonaki da kayan aikin masu sana'a, ya kuma ƙare da cewa duk wannan mai sauyawa ya fito ne daga Wanda kyansa ba ya sauyawa. Ba a buga waƙoƙinsa ba sai 1918, shekara 29 bayan rasuwarsa. Wanda ya karanta Sanusi zai gane hujjar tun kafin a kai ƙarshe, ko da yake aƙidar mutanen biyu ta rabu a wurare manya. Wata waƙarsa, wadda ya yi makokin itatuwan da aka sare a bakin kogi, ta shiga manhajar jarrabawar WAEC ta 2021 zuwa 2025, don haka yaran makarantun Fagge da Sabon Gari masu ɗaukar adabin Turanci sun yi fama da ita. Abin da ban taɓa daina jin takaicinsa ba shi ne, titi guda ne ya raba masu rera Zabura da masu jan Jauhara, amma kowane ɓangare ya ɗauka shi kaɗai yake duban sama.

Inda unguwannin biyu suka haɗu a aikace shi ne wajen ɗab'i. Kafin tsakiyar ƙarni na 20, mai son littafi ko dai ya kwafa da hannu, ko ya sayi bugun Misira a wurin 'yan littafi na kasuwar Kurmi. Daga baya maɗaba'u suka yawaita a Kano: ban da ta En'e, akwai Oluseyi da Adebola da Jola-Ade, waɗanda sunayensu suka nuna Yarabawa ne suka kafa su, da kuma Northern Maktabat. Hikimar da ta sa abin ya karɓu ita ce ba a tilasta wa mai karatu baƙaƙen ƙarfe irin na gabas ba. Marubuci mai kyakkyawan hannu yakan zauna ya rubuta waƙar da baƙar tawada da rubutun nan mai kauri da aka saba gani a allo, ya yi mata wasali, a ɗauki hoton shafin a mayar kan faranti, inji ya fitar da dubbai a kan takarda mai araha, 'yan talla su rarraba su a ƙofar masallatai da tashoshin mota. Ma'aikacin da yake juya injin ba lalle ne ya iya karanta abin da yake bugawa ba, mai saye kuma bai damu ya san wanda ya buga ba. Ta haka waƙoƙin tauhidi da madahu da jadawalin taurari suka kai ƙauyukan da ba su taɓa ganin gafakar babban malami ba.

A wannan zamani ne kuma aka sami waƙar da, a ra'ayina, ta cika abin da ƙofofin nan suka daɗe suna alkawari. Sarki Abdullahi Bayero ya kafa makarantar shari'a a 1934, wadda ta zama Makarantar Nazarin Larabci a 1947, aka kawo mata malamai daga Sudan, aka sami samari masu haɗa karatun zaure da na aji. Daga cikin mutanen wannan zamani akwai Na'ibi Sulaimanu Wali, ɗan Walin Kano Sulaimanu, wanda ya yi aiki a hukumar NORLA ta Zariya, kuma Waƙar Damina tasa ta fito a littafin Waƙoƙin Hausa na 1957. Abin da ya yi shi ne ya ɗauki daminar ƙasar Hausa ita kanta, yadda take zuwa bayan wahalar rani ta raya ƙasa da abin da ke kanta, ya mai da ita abin waƙa daga farko har ƙarshe, godiyar Allah tana gudana a ƙarƙashi ba tare da ta hana shi tsayawa ya duba ba. D. W. Arnott ya fassara ta ya yi mata sharhi a Landan a 1968, kuma tun da an buga ta da boko sai ta shiga makarantu, yara suka karanta abin da suke gani a bayan gidansu.

Amma ba a bi sawunta da yawa ba, domin siyasa ta riga ta janye mawaƙa. A Sabon Gari aka kafa NEPU ranar 8 ga Agusta 1950, cikin mutum takwas da suka kafa ta kuwa har da mawaƙi, Mudi Sipikin; fasihai irin su Aƙilu Aliyu suka zuba basirarsu a waƙoƙin jam'iyya da na ilimi da na gyaran hali, kuma ba za a zarge su ba, tun da abin da ya dami jama'a ke nan a lokacin. A watan Mayun 1953 kuma rikici ya ɓarke, aka yi kwanaki ana zubar da jini a tsakanin Fagge da Sabon Gari, a daidai filin da saɓanin harsuna ya fi bayyana a duk ƙasar Kano. Ayar Suratur Rumi tana nan ana karanta ta kowane azumi, amma sanin hujja a zaure abu ne dabam, riƙe ta ranar da gari ya rikice kuma abu ne dabam.

Akwai wata dukiya da wannan karatu ya wuce ta gefenta bai ɗauka ba. Ɗalibin da ya haddace sunayen raƙumi da na zaki da Larabci, ya rataya su tsakanin layuka, bai ga dalilin rubuta waɗanda yake ji kullum a bakin dillalan dabbobi ba, alhali Hausa tana da su jingim. Doki kaɗai akwai akawal da bikili da hurde da kili da gunya da bidi da danda, kowane da launinsa. Jaki akwai auraki da duna da idabari. Raƙumi akwai amale da taguwa. Dawa akwai kaura da farfara, gero kuma akwai maiwa da dauro. Tsuntsayen da suke faɗa wa manomi lokaci kuwa, shamuwa ce kan gaba, wadda ganinta a kan rimi ko kuka yake nufin a gyara fartanya. Maroƙa da makaɗan fada sun adana wasu a kirarin dawaki, mata sun adana wasu a waƙoƙin daka da niƙa, amma waɗanda suka zauna suka tattara su a takarda baƙi ne: likita Dalziel, wanda ya buga sunayen tsirrai na Hausa a 1916, da Bargery, wanda ya fara zuwa ƙasar nan a matsayin ɗan mishan, ya yi shekaru yana bin kasuwanni da ƙauyuka, ƙamus ɗinsa mai kalmomi wajen 39,000 ya fito a 1934. Ɗalibin Fagge da yake son ya rarrabe hurde da bidi a yau, ko dai ya buɗe Bargery, ko ya jira hawan Salla ya tambayi masu kula da barga.